Faifai Lafiya, Takarda Matacciya: Cinikin Da Ya Kai Mu Gaban Malam a Garwa

Ɗan yayata yana da shagon gem a unguwar Yelwa, a nan Garwa. Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, benci uku, talabijin biyar, da fanka guda wadda ba ta iya komai da zafin Maris da Afrilu. A farkon 2013, lokacin da wannan al'amari ya faru, yana da PlayStation 2 guda uku da PlayStation 3 guda biyu, duka na hannu. Yaro zai ajiye dala ashirin, wato sefa 100, ya buga ƙwallo zagaye ɗaya a kan tsohuwar na'ura; a kan sabuwa kuwa dala arba'in. Da waɗannan 'yan sulalla yake biyan haya da kuɗin wuta, ya gyara manet, abin da ake riƙewa a buga wasa, idan yara sun cinye maɓallanta, ya kai wa mahaifiyarsa na cefane. Ni na ba shi jarin farko bayan ya bar makaranta, don haka duk abin da ya taɓa shagon sai ya iso kunnena.

Samarin da ke dawowa hutu daga jami'ar Ngaundere da Yawunde su suka cusa masa ra'ayin intanet. Suna ba da labarin yadda mutum ke zaune a ɗakinsa yana fafatawa da wani a Faransa ko Maroko. A lokacin kuwa babu 3G a wayoyin Kamaru: Nexttel ta fara shi a Satumban 2014, MTN da Orange suka biyo baya a 2015. Mai son layin da zai ɗauki wasa sai ya nemi na wayar ƙasa, kuma ba kowane gida ke da shi ba. Maƙwabcinsa mai sibar, wato shagon shiga intanet, yana da shi. Suka daidaita a kan za a huda bango a zuro waya, daga ƙarfe tara na dare zuwa asuba layin na shagon gem ne, jaka goma a wata.

"Kawu, in wannan ya yiwu ni ne na farko a unguwar nan," in ji shi. "Dala ɗari awa ɗaya, kuma wallahi akwai masu biya."

Ya tafi babbar kasuwa wurin wani Alhaji da ya daɗe yana sayen kaya a hannunsa. Dattijo ne da ya fara da rediyo da kaset ɗin wa'azi, zamani ya juya ya koma faifan fim da na gem. Kayansa hanya biyu suke biyowa. Wasu daga Duwala, cikin kwantenonin gwanjon Turai, su bi jirgin ƙasa har Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, mota ta ƙarasa da su. Wasu kuma ta Yola suke shigowa daga kasuwannin Legas da Kano. Duka a kwali ɗaya yake zuba su. Sabon faifai cikin ledarsa ba ka ganinsa a layin nan, kuma dalili a fili yake: a Faransa sabon wasa yakan kai yuro 60 zuwa 70, wajen jaka 40 zuwa 46 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi a Kamaru a wancan lokaci sefa 28,216 ne a wata. Kasuwar gem ta Garwa gaba ɗayanta ta hannu ce, ba wani ɓangarenta ba.

Wasan da ya zaɓa na yaƙi ne, irin wanda ake haɗuwa ƙungiya da ƙungiya ta intanet. Alhaji ya ce jaka ashirin. Ya taya sha biyu, aka ce masa albarka. Aka yi ta ja har aka tsaya a sha biyar. Kafin ya ƙirga kuɗi ya yi abin da kowane mai saye ke yi: ya juya bayan faifan ga haske yana neman ƙarzuwa, bai ga ko ɗaya ba. Yaron shago ya zura shi a na'ura, ya tashi, aka buga minti goma. A cikin kwalin akwai ɗan littafi da wata ƙaramar takarda mai sheƙi, ɗauke da haruffa da lambobi a jere. Babu wanda ya kula ta. Alhaji ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka," aka rabu lafiya.

Sai da aka yi kwana goma sha biyu kafin a gama zuro waya. A daren farko samari shida suka zo, aka ɗora shayi a baranda. Ya zaɓi sashen intanet, allo ya tsaya ya nemi lamba, abin da yaran ke kira kod. Ya tuna da takardar nan, ya shigar da haruffan ɗaya bayan ɗaya da manet, aiki mai cin rai. Amsa ta fito cewa lambar ba daidai ba ce ko kuma ta daina aiki. Ya sake, a zatonsa ya rikita sifili da harafin O. Ya sake a karo na uku, ɗaya daga cikin samarin yana karanta masa da fitilar waya. Amsa ba ta canza ba. Wajen sha ɗaya ya mayar wa kowa kuɗinsa.

Daga ina takardar ta fito

Ba kuskuren na'ura ba ne, tsari ne da aka zauna aka shirya, kuma a shekarun 2010 zuwa 2013 da yawa cikin manyan kamfanonin wasa sun bi shi. Kowane sabon faifai yana zuwa da lamba guda da ake amfani da ita sau ɗaya. Mai saye na farko ya shigar da ita, ta manne da asusunsa na intanet, ƙofar intanet ta buɗe masa. In ya sayar da faifan, lambar ba ta biyo shi. Mai saye na biyu zai buga duk abin da ba ya buƙatar layi, amma in yana son haɗuwa da mutane sai ya biya kamfanin kai tsaye, galibi dalar Amurka 10, a Turai kuwa wajen yuro 10.

Electronic Arts ya sanar da nasa a Mayun 2010 da sunan Online Pass, ya fara da wasan golf na Tiger Woods PGA Tour 11, daga nan ya shiga FIFA 11 da sauransu. THQ ya sa irinsa a UFC Undisputed 2010, a kan dalar Amurka 5. A 2011 Warner ya sa a Mortal Kombat, Ubisoft ya fito da Uplay Passport tare da Driver: San Francisco, Sony mai PlayStation kuma ya fara nasa da Resistance 3 a watan Satumba, ya biyo da Uncharted 3. Activision bai sa shi a Call of Duty ba, wanda shi ne wasan yaƙin da ya fi kasuwa a lokacin. Kamfanin da ya yi faifan ɗan yayata ɗaya ne cikin masu bin wannan hanya, kuma sunansa ba shi ne abin dubawa ba.

Ba mu aka nufa ba. An nufi manyan shagunan Amurka da Turai, musamman GameStop, waɗanda ke karɓar wasa daga hannun yaro mako biyu bayan fitowarsa a kan kuɗi kaɗan, su jera shi kusa da sabo da ragin 'yan daloli. Sabo dalar Amurka 60, na hannu 55. Mai saye ya ɗauki na 55, shago ya cinye riba duka, wanda ya kashe shekaru da miliyoyi wajen yin wasan bai ga ko kwabo ba. A wurin kamfanonin, kura da shan bugu ne gardi da karɓe kuɗi, kuma ban ce kukansu ba shi da tushe ba. Lissafinsu mai sauƙi ne: in ka ɗora 10 a kan 55 ya zama 65, na hannu ya fi sabo tsada, mai hankali zai koma ga sabo. In kuma ya nace, to kamfani ya samu goma.

Wannan lissafi yana aiki ne inda sabo yake a kan kanta kusa da na hannu. A Garwa babu sabon da za a koma gare shi. Abin da ya iso mana goman ce kawai, ba tare da zaɓin ba. Yuro 10, a kan farashin da ba ya motsi na sefa 655.957, sefa 6,560 ne, kusan rubu'in albashin wata na ƙaramin ma'aikaci a lokacin, kuma wasa 65 ne na yara a kan tsohuwar na'ura.

Neman inda za a biya

Ɗan yayata bai tsaya jayayya ba. Ya riga ya huda bango, ya biya watan farko, ya yi wa samari alkawari. Ya yanke shawarar biya. A nan ne ya gano cewa samun kuɗin ya fi sauƙi a kan samun hannun da zai karɓe su.

Shagon intanet na na'urar yana tafiya ne ƙasa-ƙasa, kuma Kamaru ba ta cikin jerin, haka Chadi, haka Najeriya. Kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. Abin da kowa ke yi a nan shi ne buɗe asusun Faransa da adireshin aro, tun da Faransanci muke karantawa. Shagon Faransa kuma katin bankin Faransa yake so. Sauran hanya ɗaya: katin kuɗi da ake saya a kanti a can, a kankare, a turo lambar. Akwai ɗan baffansa da ke karatu a Liyon. Ya sayi na yuro 20 ya turo ta saƙon waya, shi kuma ya kai wa mahaifiyar ɗalibin jaka goma sha huɗu a nan gida. Wannan ya ci kwana biyar, domin sai da ɗalibin ya samu sarari ranar Asabar.

Ya zuba kuɗin a asusu, ya nemo takardar shigar wasan a shagon Faransa, ya biya, ɗan ƙaramin fayil ya sauka. Ya kunna wasa. Allo ya sake neman lamba, kamar ba a yi komai ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wani ɗalibin kwamfuta cikin abokan cinikinsa ne ya ɗauki kwalin ya duba gefensa. Kowane faifan PlayStation 3 yana da 'yan haruffa a jiki. Na kamfanonin da ba Sony ba da aka buga don Turai yana farawa da BLES, wanda aka buga don Amurka da BLUS. Faifan kansa zai tashi a kowace na'ura, shi ya sa babu wanda ya taɓa damuwa da haruffan nan a kasuwarmu. Amma duk wani ƙari da aka saya ta intanet sai yankinsa ya dace da na faifan. Nasa BLUS ne, cikin kayan da suka biyo ta Yola. Takardar Faransa ba ta san shi ba. Ɗalibin ya buɗe masa asusun Amurka, suka sake gwada tsohuwar lambar da ke cikin kwali, ko da ma yankin ne ya hana ta aiki tun farko. A can ma aka ƙi ta. Wanda ya fara sayen faifan, ko wane ne shi, ya riga ya cinye ta. Abin da ya rage shi ne a nemo katin kuɗi na Amurka, kuma ba mu da kowa a Amurka.

A wannan lokaci faifan jaka sha biyar ya ci jaka ashirin da tara, ban da kuɗin layi, kuma ba a buga ko minti ɗaya a intanet ba.

Gaban Malam

Ya koma kasuwa da zafin rai. Alhaji ya saurare shi ya ce, "Yaro, a gabanka aka gwada, da idonka ka gani ya tashi. Mako uku kana cin kuɗi da shi, yau ka dawo mini da shi?" Magana ta yi tsawo, mutane suka taru, har ɗan yayata ya furta kalmar da bai kamata ba. Ya ce an yi masa algus.

Wanda bai zauna a kasuwa ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Mutum ya shekara talatin a rumfa ɗaya, jarinsa na gaskiya sunansa ne, yaron da shi dattijon ya girme wa ubansa ya jefe shi da ita a gaban maƙwabta. Da yamma Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi ya kasa shan shayin da ke gabansa. Ya ce, "Ba kuɗin ba ne, Malam. Jaka sha biyar ba za ta talauta ni ba. Amma in na mayar yanzu, kasuwa za ta ce da ma na sani." Muka yarda a kai maganar ga limamin masallacin layin, bayan la'asar washegari.

Malam bai taɓa riƙe manet ba, bai kuma yi kamar ya san abin ba. Ya karɓi kwalin, ya fito da faifan, ya fito da takardar, ya ajiye su a kan buzu nesa da juna. Ya tambayi ɗan yayata, "Abin da ka rasa, a cikin wannan yake ko a cikin wannan?"

"Allah gafarta Malam, wasan yana cikin faifan duka. Takardar izini ce kawai."

"Izinin wa?"

"Na kamfanin da ya yi shi."

"To shi kamfanin bai sayar da faifan ba tun farko?"

"Ya sayar."

Malam ya yi shiru yana kallon takardar. Sai wani mai sayar da kayan babur da ke zaune a gefe ya ce ai wannan kamar babur ne marar takardu: inji lafiya, taya lafiya, kana yawo cikin unguwa, amma ranar da ka hau kwalta ka iso shinge sai ka sauka. Kowa ya gyaɗa kai, domin a garin da rabin jama'a ke kan babur babu wanda bai gane ba. Alhaji kuwa ya ba da amsar da har yau nake ganin ita ce mafi ƙarfi a zaman. Ya ce babur kowa ya san ana tambayar takardunsa, mai takarda da kuɗinsa, marar takarda da nasa, wanda bai tambaya ba shi ya so. Amma faifai, tun zamanin kaset, abin da kasuwa ta sani shi ne a duba ƙarzuwa a gwada. Wanda ya aiko masa da kayan bai faɗa masa komai ba. Aka juya bayan kwalin, ɗalibin nan ya nuna wani layi cikin ƙananan haruffan Ingilishi da ke cewa shiga intanet yana buƙatar lamba mai amfani sau ɗaya. Alhaji ajami yake karantawa. Ɗan yayata Faransanci.

Malam ya raba maganar gida uku. Na farko, algus. Ya karanto hadisin da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ya ce algus ɓoye aibin da ka sani ne, wanda bai sani ba bai ɓoye ba. Don haka yaro ya janye kalmarsa a gaban waɗanda suka ji ta. Na biyu, cinikin kansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in mai saye ya gano tsohon aibi da ke rage darajar kaya, wanda bai gani ba lokacin ciniki, yana da zaɓin mayarwa ko da mai sayarwa bai san da aibin ba. Abin tambaya shi ne ko rashin lambar aibi ne. Malam ya ce wannan ya danganta da abin da aka saya dominsa: ragon da bai isa layya ba lafiyarsa ƙalau ga mahauci, amma in ka ce na layya kake so aka ba ka shi, ciniki bai cika ba. Ya juya ga yaron shago. "Ya ambaci intanet ranar da ya saya?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ya ambata, har sau biyu. Na uku, kuɗin da faifan ya kawo cikin mako uku. Malam ya ce wannan na mai saye ne, domin amfanin kaya yana bin wanda ke ɗauke da asararsu. Da faifan ya karye a hannunsa, shi zai yi hasara.

Daga nan ya bar hukunci ya koma sulhu, kamar yadda aka saba. Alhaji ya karɓi faifansa, ya ba da jaka goma a hannu da manet ta hannu a madadin biyar. Kuɗin da suka tafi Faransa kuwa babu ruwan Alhaji, ba shi ya ce a saya ba. Ɗan yayata ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini, zafin rai ne." Alhaji ya ce ya wuce. Aka shafa fatiha.

Na fito daga masallacin ina ganin an yi adalci iyakar abin da za a iya yi tsakanin mutum biyun da ke zaune. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya saka aibin a cikin kayan ba ya wurin, bai san an yi zaman ba, kuma shi kaɗai ne ya fita da riba: yuro goma ta shiga, ba a buɗe ƙofar komai ba.

Hujjar da kamfanonin suka fi kawowa ita ce kula da sabar, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, yana cin kuɗi, mai faifan hannu yana hawa bai biya ba. Na juya wannan magana ban ga ta tsaya ba. Faifai ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Ranar da na farko ya sayar, ya tashi daga kujerar, na biyu ya zauna. Kujerar an biya ta tun ranar da aka yage leda. Iyakar abin da za a ce shi ne kujerar ta daɗe ba ta huta ba, kuma wannan bai kai a kira mutum mai hawa a ɓagas ba. Sannan yaron Amurka da ya sayar da faifansa, sau da yawa da kuɗin yake cika na sabo. Kasuwar hannu tana ciyar da ta sabo ta bayan gida.

Amma ɓarnar da ta fi taɓa mu ba ta kuɗi ba ce. Duk kasuwar gwanjo a kan abu ɗaya take tsaye: a gwada a gabanka. Rediyo a kunna, waya a sa layi a kira, babur a zaga da shi. Wannan takarda kuwa kamar ashana take, ba ka sanin tana kamawa sai ka ƙyasta, in ka ƙyasta ta ƙare. Mai rai da matacciya kamarsu ɗaya a ido. In Alhaji ya gwada ta a shagonsa don ya tabbatar, ya kashe ta da hannunsa. In bai gwada ba, cinikin biri a sama ne. Aka wayi gari ɗan kasuwa mai gaskiya ba shi da hanyar nuna gaskiyarsa, mai saye mai lura ba shi da abin lura da shi. Wannan ne ya sa mutum biyu da suka shekara biyar suna ciniki lafiya suka kusa rabuwa baram-baram.

Abin da ya biyo baya

Wata uku bayan zaman, a Mayun 2013, Electronic Arts ya sanar da cewa ya daina Online Pass saboda 'yan wasa ba su karɓe shi ba, ya kuma cire shi daga tsoffin wasanninsa. THQ ya riga ya karye, an raba kadarorinsa a Janairun shekarar. Ubisoft ya ajiye Uplay Passport a ƙarshen Oktoba, bayan ƙorafin da ya biyo fitowar Assassin's Creed IV. Ɗan yayata ya ji labarin a bakin samarinsa, ya yi murna, duk da cewa nasa kuɗin sun riga sun tafi.

A tsakiyar wannan ne Microsoft ya zo da abin da ya fi girma. Xbox One, sabon injin wasansa, kamar yadda aka bayyana shi a farkon Yuni, zai nemi ya gaisa da intanet sau ɗaya cikin kowace awa 24 ko wasanni su rufe, sayar da faifai kuma sai ta shagunan da aka amince da su, in kamfanin wasan ya yarda. Na tuna muna zaune a barandar shagon, wuta ta ɗauke tun azahar kamar yadda takan yi idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ɗalibin nan yana karanta mana a waya. Shugaban sashen Xbox a lokacin, Don Mattrick, ya ce wanda ba shi da intanet akwai Xbox 360 dominsa. Sony ya amsa da ɗan gajeren bidiyo: Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, an gama bayanin yadda ake aron wasa a PlayStation 4. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ya janye tsarin gaba ɗaya.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Wasan intanet da yake kyauta a PlayStation 3, a kan PlayStation 4 yawancinsa sai da kuɗin PlayStation Plus, na wata ko na shekara, ko faifanka sabo ne ko na hannu. Shingen ya tashi daga kan takarda ya koma kan asusu, kuma mu har yanzu ta katin Faransa muke biya. A Nuwamban 2020 PlayStation 5 ta fito iri biyu, ɗaya ba ta da bakin faifai sam. A ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ya kashe sabar The Crew, wasan mota da ba ya tashi sai da layi, faifansa sabo da na hannu suka zama abu ɗaya: ba sa komai.

Alhaji shi ya fi kowa ɗaukar darasi a aikace. Mako guda bayan sulhun ya zazzage kwalinsa, ya sa ɗalibin ya nuna masa haruffan gefe, ya raba kayan gida biyu. A jikin kwali ɗaya ya rubuta Faransa da ajami, a ɗayan Amurka. Duk wanda ya ɗauki faifai, kafin a fara tayi sai ya ce masa, "Na gida nake sayar maka. Intanet babu hannuna." Faifan rigimar ya sayar da shi jaka takwas ga wani mutumin Pitowa da ya zo saya wa ɗansa, bayan ya faɗa masa komai. Yanzu ƙarfi ya ja, ɗansa ke zama a rumfar, caja da gilashin waya suka cinye gaban tebur, kwalayen biyu suna ƙarƙashi.

Shagon Yelwa yana nan, ya ƙara ɗaki. Ramin da aka huda a bango an toshe shi da siminti tun da layin waya ya wadata. Bara ɗan yayata ya zo mini da maganar wani mai zuwa Dubai da zai taho masa da PlayStation 5, iri biyun da bambancin kuɗi mai ɗan yawa. Na tambaye shi me zai hana ya ɗauki mai arha, tun da yanzu yawancin wasanninsa ta asusu yake saukewa.

Ya ce, "Kawu, faifai talatin ɗin da ke cikin akwatina, ranar da Inna ta kwanta asibiti goma na kai kasuwa na dawo da kuɗin magani. Na cikin asusu wa zan kai wa?"

Na cika masa abin da ya rage, ya aika a taho da mai bakin faifai.